Cire Famfon Mai Daga Injin Jirgin Ruwa: Dabara Ce Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

A ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wato kusurwar arewa maso yamma ta Jihar Jigawa, akwai wani aiki da kanikawa suka daɗe suna yi wa ƙananan injuna, har ya zama jiki, ba a ma tambayar dalilinsa. Aikin kuwa shi ne kashe ɗan famfon nan da ke ba inji man shafawa da kansa, a koma zuba man a cikin tankin fetur da hannu. A kan babura aka saba yinsa, amma yau duk injin irin wannan da ya faɗo hannun bakanike, har da wanda ake maƙalawa a bayan jirgin ruwa, hukuncin da ke jiransa ke nan tun kafin a binciki lafiyarsa.

Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma ladansa bai taka kara ya karya ba. Amma abin da ya rataya a kansa babba ne, domin injin jirgi shi ne jarin mai shi kacokan, sau da yawa ma da bashi aka saye shi. Bayan haka, babur in ya mutu sai a tura shi gefen hanya, jirgi kuwa in ya mutu a tsakiyar ruwa babu gefen da za a tura shi. Saboda haka ya kamata jama'a su fahimci abu guda: cire famfo ba ya raba inji da bukatar mai, sai dai ya ɗauke nauyin awon daga kan na'ura ya ɗora shi a wuyan ɗan Adam.

Ruwan Yankin Da Injunansa

Ko da yake ƙasar ta yi kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, ba ta rasa ruwa ba. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin gina madatsun ruwa da muhimmanci, lokacin da waɗannan garuruwa ke cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba tana nan a Kazaure, ga kuma madatsun Gari da Tomas da ke maƙwabtaka da yankin a cikin Jihar Kano. A waɗannan ruwaye ne masunta da manoman rani ke neman abinci.

Akasarin masunta a nan da kwale-kwale da filafili suke aiki, wasu kuma da gora kamar yadda suka gada. Injunan jirgi sun fi yawa a manyan ruwaye, kamar Tiga da Yawuri da Tafkin Chadi. Wannan ƙarancin shi ne tushen matsalar. Idan injin jirgi ya shigo yankin, galibi na hannu ne, ya riga ya sha aiki a wani wuri, babu littafinsa, babu kuma wanda ya koyi gyaransa musamman. Da zarar ya yi tari sai a kai shi rumfar mai gyaran babur, shi kuwa sai ya yi masa abin da ya saba yi wa babura.

Dalilin Da Ya Sa Injin Ke Shan Mai

Injunan fetur iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, irin na mota da na babura samfurin Boxer, wanda ke da wurin ajiyar baƙin mai a ƙarƙashinsa, man yana zagayawa yana komawa har ranar juye. Akwai kuma mai bugu biyu, irin na tsofaffin babura, da ƙaramin janareto na cikin gida, da mafi yawan injunan jirgi da ke ƙasar nan. Shi wannan ba shi da wurin ajiyar mai ko kaɗan, saboda fetur da iska sai sun bi ta cikin cikinsa, inda sandar juyi da boris suke, kafin su hau sama su ƙone. Don haka dole man shafawa ya biyo fetur, ya shafi boris da fistin da bangon silinda, sannan ya ƙone tare da shi. Wannan ne ya sa irin waɗannan injuna ke fitar da shuɗin hayaƙi.

Ma'anar wannan ita ce, injin mai bugu biyu yana rayuwa ne da man da ya shigo masa a wannan lokacin kaɗai. Idan man ya yanke yana cikin gudu, ba a daɗewa fistin zai yi zafi, ya kumbura, ya kama bangon silinda. Shi ne abin da ake cewa inji ya buga.

Asalin Famfon

Tun lokacin da Ole Evinrude ya ƙera injin jirginsa a Amurka a 1909, da hannu ake gauraya mai da fetur, haka kuma aka ci gaba shekaru da dama. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya fito da babur samfurin YA-6 a 1964 ɗauke da wani famfo da ya kira Autolube, wanda ke jawo mai daga wani ƙaramin tanki na daban, yana auna shi daidai da gudun inji da kuma yadda aka murɗa totur. Suzuki ma ya fito da nasa mai suna CCI. Babura masu wannan tsari sun cika arewacin Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙarin albashin Udoji, daga baya kuma Jincheng ɗan ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayo daga Suzuki AX100, ya zama abin hawan 'yan acaɓa birni da ƙauye.

A injunan jirgi kuwa, tsarin ya yaɗu ne a shekarun 1980. Kamfanin OMC na Amurka, mai ƙera Johnson da Evinrude, ya fito da nasa famfon mai suna VRO a 1984. Shi ba haƙoran ƙarfe ke juya shi ba, numfashin da ke fitowa daga cikin injin ne ke motsa shi, kuma famfo ɗaya ne ke tura fetur da mai gaba ɗaya. Mercury da Yamaha da Suzuki kuwa sun fi amfani da famfon da injin ke juyawa da haƙora. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai ga duk wanda ke son taɓa su.

Amfanin famfon a fili yake. Inji ba ya bukatar mai da yawa idan yana tsaye yana gunji a hankali, sai an buɗe masa wuta sannan bukatarsa ke ƙaruwa. Famfo yana rage man a wancan hali, yana ƙara shi a wannan. Sakamakon haka hayaƙi kan ragu, fulogi kan daɗe bai yi baƙi ba, kuɗin mai kuma kan yi auki.

Hujjar Kanikawa

Ba a kan banza kanikawa ke tsoron famfon ba, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu. Na farko, aikinsa a ɓoye yake: mutum ba ya ganin man yana tafiya, sai inji ya buga sannan a san ya yanke. Na biyu, tiyon roba da ke kai man yakan bushe ya tsage saboda zafin rana irin na wannan yanki, iska ta shiga ciki. Na uku, kayan gyaransa ba sa samuwa a kusa. Kamfanin OMC ya durƙushe tun a watan Disamba na 2000, kuma kamfanin BRP na Kanada da ya gaji sunan Evinrude ya daina ƙera injunan a 2020. Mai tsohon injin Johnson a bakin ruwan Kazaure, ina zai nufa neman sabon famfo na asali?

Suna kuma da wata hujja mai ƙarfi. Injunan Yamaha samfurin Enduro, waɗanda aka ƙera musamman don masunta da masu jigila a ƙasashe irin namu, kuma su ne aka fi gani a kogin Kwara da Tafkin Chadi, mafi yawansu ba su da famfon tun daga masana'anta. Da hannu ake gauraya musu mai. Ke nan gaurayawa da hannu ba laifi ba ce a kan kanta, tun da masu ƙera injin ma sun zaɓe ta a inda suka ga kayan gyara za su yi wuya.

Ba Kullum Ne Laifin Famfo Ba

To amma akwai gyara a cikin maganar. Sau da yawa ana ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Injin mai silinda biyu ko uku, idan ƙofar kafireto ɗaya ta toshe da datti, silindar da take ciyarwa za ta rasa isasshen fetur, ta yi zafi, ta buga, alhali famfo na aikinsa daidai. Masana gyaran injin jirgi suna da wata alama da suke dubawa: idan silinda ɗaya ce ta lalace sauran suna jiƙe da mai, to, a nemi laifin a kafireto ko wajen da iska ke kutsawa, idan kuwa duk sun bushe tare, sannan ne ake tuhumar hanyar mai.

Haka nan injin jirgi da ruwa yake huce zafinsa. Akwai wata 'yar farfelar roba a ƙafarsa da ke tura ruwa sama, wadda yashi da laka ke cinyewa, musamman a madatsun da ke ja da baya da rani. In ta cinye, inji zai yi zafi ya buga ko da mai ya ishe shi. Sai kuma gurɓataccen fetur. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. Fetur ɗin da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko aka surka shi da wani abu a gefen hanya shi ma ba ya barin inji lafiya. Wanda ya cire famfo ya bar waɗannan, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya kafin a yanke hukunci. A cika tankin mai a yi masa alama, a kuma gauraya mai a cikin fetur kamar babu famfo, don kada inji ya cutu yayin gwaji. Bayan an ƙona jarka guda mai lita 25 a aiki na sosai, sai a duba. Idan man tankin ya sauka da abin da ya doshi rabin lita, famfo lafiyarsa lau. Idan bai motsa ba, sai a duba tiyo da matacin mai, a fitar da iskar da ta shiga, domin famfon da tankinsa ya taɓa ƙafewa ba ya komawa aiki sosai sai an zuƙe masa iska.

Inda Cirewa Ke Zama Ganganci

Akwai injunan da ba a cire wa famfo ko ta halin ƙaƙa. Sababbin injunan jirgi masu bugu biyu da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su Evinrude E-TEC da Mercury OptiMax da Yamaha HPDI, feturinsu ba ya bi ta cikin cikin inji. Ko an zuba masa mai, man ba zai kai ga boris ba. Wanda ya kashe musu famfo ya kashe injin ne da hannunsa. Haka kuma wasu injunan Suzuki masu tsarin CCI, famfon yana da tiyo na musamman da ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin sandar juyi, wanda man cikin fetur ba lalle ne ya wadatar da shi ba.

Masu babura ma akwai abin lura gare su, musamman masu bin hanyoyin duwatsun Roni. Idan mutum yana gangara tudu da giya ya saki totur, fetur kaɗan ne ke shiga inji alhali yana juyawa da sauri. In da famfo, mai na ci gaba da zuwa daidai da juyin inji. In an cire shi, raguwar fetur ita ce raguwar mai.

Mafi muni duka shi ne rabin aiki. Wani bakanike yakan zare tiyon mai kawai ya bar ƙofarsa a buɗe, iska ta riƙa kutsawa ta nan, ta rage ƙarfin fetur, fistin ya ƙone. Wani yakan bar famfon mai haƙora yana juyawa a bushe har ya cije, ya kakkarya haƙoran, gutsattsarin su faɗa cikin inji. Wani kuma, da ƙararrawar gargaɗi ta dame shi da kuka saboda tankin mai ya zama fanko, sai ya yanke wayarta gaba ɗaya, bai san cewa a injuna da yawa ita ce dai ke kuka idan inji ya yi zafi ba. An gudu gara ke nan an faɗa wa zago.

Idan Ya Zama Dole

Idan an gwada an tabbatar famfon ya mutu, kuma babu sabo, to cirewa ta fi barin sa a kan shakka, amma a yi ta cikakkiya. A injin mai VRO, ana toshe ƙofar shigar mai da murfi a ɗaure shi tam, a cire wayoyin da suka shafi mai kaɗai a bar ta zafi, ko kuma a sauya famfon da na fetur zalla. A injin mai famfon haƙora, ana zare famfon da sandar da ke juya shi, a rufe gurbin da faifan ƙarfe da gasket, a toshe duk ƙofar da mai ke shiga ta cikinta. Sannan a kwashe tsohon tankin mai daga jikin jirgin, don kada wani ya gan shi ya zaci yana aiki. Daga ƙarshe a rubuta da fenti a jikin inji da jikin tanki cewa wannan inji sai an gauraya masa mai. Wannan rubutu ba ƙaramin abu ba ne, domin jirgi ɗaya yakan bi ta hannun mai shi, da ƙanensa, da yaron da aka aika sayen fetur, ga kuma wanda zai saye shi nan gaba.

Awo Shi Ne Magana

Daga ranar da aka cire famfo, ran injin ya koma hannun mai awo. Ƙa'idar da akasarin masu ƙera injin jirgi suka bayar ita ce kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. Wato kowace lita ɗaya ta fetur tana bukatar mililita 20 na mai, cikin babban sirinji guda ke nan. Lita 5 tana bukatar mililita 100, lita 10 mililita 200, jarka mai lita 25 kuwa rabin lita cif, wato cikin robar ruwan sha mai rabin lita. Sabon inji, ko wanda aka sauya wa fistin da zobba, akan ninka masa man a sa'o'in farko na aikinsa, ya zama 1 cikin 25. Inda aka sami rubutun masana'anta a jikin inji, shi ne abin bi.

Awon ido da awon murfin galan su ne ke kashe injuna. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun koma sayen fetur kaɗan-kaɗan a kwalba, kuma gwargwadon ƙanƙantar abin da aka saya, gwargwadon sauƙin kuskuren awo. Ga kuma jarabar tsuke hannu idan aljihu ya yi zafi. Shi famfo bai san tsadar rayuwa ba, abin da aka saita shi a kai shi yake bayarwa. Ɗan Adam kuwa yakan ce bari a rage kaɗan yau, gobe a cika. A ɗaya gefen, masu cewa yawan mai ba ya ɓaci su ma sun yi kuskure, domin man da ya wuce kima yakan daskare ya zama gawayi, ya liƙe zobban fistin, ya kashe fulogi, ya toshe hanyar hayaƙi. A fara zuba man a jarka tare da fetur kaɗan, a girgiza, sannan a cika.

Irin man ma abin dubawa ne. Injin jirgi, da yake ruwa ke sanyaya shi, man da ke ɗauke da alamar TC-W3 aka yi dominsa, wanda ke ƙonewa ba ya barin toka. Man 2T na babura, mai alamar JASO, an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa. Baƙin man mota kuwa ba a yi shi don ƙonewa ba sam, balle wanda aka riga aka juye daga wata motar aka sake ɗurawa a galan. Araha ba ta ado.

Darasi Daga Bagwai

Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, inda jirgi ya kife da fasinjoji, aka rasa rayuka aƙalla 29, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodin da ya wuce ƙima hukumomi suka ɗora wa alhakin wannan hatsari, ba mai ba. Amma darasin ya shafi maganar da ake yi, domin jirgin da aka cika shi ne ke tilasta wa inji aiki da iyakar ƙarfinsa, a lokacin ne kuma ya fi bukatar mai. In ya buga a wannan hali, matuƙi ba shi da ikon juya goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa, sai iska ta juya shi a kaikaice, fasinjoji su firgita su rinjaya gefe guda.

Kira Ga Hukuma Da Jama'a

Yankin nan ya yi sa'ar samun manyan makarantun fasaha guda biyu, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura. Ba zai gagare su ba su shirya gajeren horo da Hausa ga kanikawan babura a kan injuna masu bugu biyu, tare da haɗin gwiwar ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin kanikawa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda ke yawan jan kunne a kan rigar ruwa da tafiyar dare, ya kamata ta haɗa da lafiyar inji a cikin wayar da kan da take yi. Ita kuma hukumar SON, mai kula da ingancin kaya, aikinta ne ta sa ido a kan jabun man inji a kasuwanni. Sarakunan ruwa, waɗanda masunta ke jin maganarsu, za su iya kafa ƙa'idar cewa kowane jirgi mai inji ya riƙe ma'aunin mai da filafili na ko-ta-kwana.

Ga mai inji kuwa, shawarar gajeriya ce. Kada ya yarda a cire famfo sai an gwada shi. In an cire, a cire shi duka. Bayan nan kuma kada lita ɗaya ta fetur ta shiga tanki ba tare da mililita 20 na mai ba, ko da shi ne ke sauri, ko da fasinjoji na jira. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu a tudu da ruwa, amin.